Kwat Ɗin Andrew Yana Kan Kujera

Litinin, 14 ga Yuli, 10:20 na safe

Andrew bai zo aiki ba. Kwat ɗinsa dai yana nan rataye a bayan kujera, yadda ya bar shi ranar Juma'a.

Shekara shida muna zaune tebur da tebur a ofishin nan na Utako, sashen da ke duba rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka, ban taɓa riga shi zuwa ba ko sau ɗaya. Daga can saman Mpape yake gangarowa, amma kafin in gama neman wurin ajiye mota ya goge teburinsa ya goge nawa. Yau ni na karɓo makulli a wurin masu gadi.

Madam Prudence, shugabar sashenmu, ta leƙo ta ce, "Malam Lukman, ina Oga Andrew?" Na nuna kujerar da haɓa. Ta ga kwat, ta ce, "Au, ashe yana nan," ta wuce abinta. Ni dai ban yi ƙarya ba. Ko uffan ban ce ba.

A ginin nan haka ake yi. In kwat ɗinka yana kan kujera, ko jakar mace tana kan tebur, to kana nan, ko da kana Kaduna wurin biki. Kowa ya sani, kowa yana yi, har masu hanawa.

Litinin, 2:40 na rana

Matarsa ta zo. Angelina sunanta, Maman Marvel muke ce mata. Silifas ɗin wanka ne a ƙafarta, matar da ko kasuwa ba ta zuwa sai ta ɗaura ɗankwali mai kyau.

Ta ce, "Malam Lukman, mijina bai shigo gida ba tun Juma'a. Na kira, na kira, waya yana shiga, ba a ɗauka." Ta danna lambarsa a gabanmu don mu ji. Sai kwat ɗin ya fara waƙar coci.

Wallahi sai da na dafa tebur. 'Yar ƙaramar wayarsa mai madannai ce a aljihun ciki, kwana uku tana kuka ita kaɗai a ofis rufe. Maman Marvel ta ciro ta, ta duba, ta mayar. Daga nan ta riƙe hannun kwat ɗin ta tsaya, ba ta yi kuka ba. Na ce mata in sha Allahu lafiya yake.

Talata, 15 ga Yuli, 4:05 na yamma

'Yan sanda biyu sun zo. Abin da suke son sani shi ne yaushe aka yi masa ganin ƙarshe.

Kai, mutane! Ashe kowa ya ga Andrew ranar Juma'a. Kingsley na sashen albashi ya rantse cewa da ƙarfe uku ya wuce ta ƙofarmu ya gan shi a zaune. Wata ta ce har ta gaishe shi ya amsa. Madam Prudence ta ce da za ta tashi ƙarfe huɗu saura yana nan. Babu wanda ya ga kowa a cikinsu. Kwat suka gani, suka ɗora masa kai da ƙafa.

Da aka zo kaina, na ɗauko littafin fita na buɗe musu. Ga sunana, ga sa hannuna: Kuje, duba rijiya, fita tara da rabi, dawowa huɗu da kwata. Ɗan sandan ya ce, "To kai ba ka nan, malam, je ka zauna."

Sun yanke cewa bayan tashi daga aiki ya ɓace, tsakanin Utako da Mpape. Suna zargin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi su yar a hanya. Can za su nema. Sun ce kada a taɓa kwat ɗin sai sun gama bincike.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan Azahar

Ban je Kuje ranar Juma'a ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, 7:15 na safe, cikin mota

Bari in rubuta, ko na samu in iya cin abinci.

Ranar Juma'ar nan aka ɗaura auren 'yar darakta bayan masallaci. Wata guda ina shiri. Na ɗinka farar shadda, an buga ta har tana ɗaukar ido, na sa hula sabuwa. So nake a gan ni, ba wani abu ba, ga jerin ƙarin girma na tafe a ƙarshen wata. Ina shiga ofis sai ga takarda a kan teburina: rijiyar wani ƙauye bayan Kuje, a duba yau, a kawo rahoto yau. An kwana ana ruwa. Daga tashar Kuje kuma sai acaba, cikin caɓi.

Na tsaya ina tsaki. Andrew ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ango! Wannan riga naka ba na Kuje ba ne. In ka hau okada da shi, Madam Muhibba zai kore ka." Haka Hausarsa take, bai damu da mace ko namiji ba, kuma ta fi tawa daɗi. Na ce, "Oga Andrew, ka taimake ni." Ban ma gama roƙo ba ya miƙe.

Ya cire kwat, ya karkaɗe kafaɗun, ya rataye a hankali kamar mai kwantar da jariri. Na ba shi falmaran ɗina na fita aiki, koren nan mai ƙyalli da tambarin hukumarmu a baya. Ya matse shi a ciki, muka yi dariya. Ya ce, "Kai ka sa hannu a littafi, ni kwat zai zauna mini." Ya sauka ta matakalar baya.

Babu wanda ya gan shi ya fita. A Abuja wa yake kallon fuskar mai falmaran? Masu gadi sun ɗauka cikin masu gyaran janareta ne.

Na je ɗaurin aure. Darakta ko inda nake bai kalla ba. 'Yan ofis ɗin da suka gan ni a can ba za su yi magana ba, su ma littafi ya nuna suna wani wuri. Na dawo huɗu da kwata, Andrew bai dawo ba, na ce ruwa ne ya tsare shi ya wuce gida. Na zauna na rubuta rahoton rijiyar da ban taɓa gani ba, na ce tana aiki lafiya, na sa hannu.

In na faɗa yanzu, rahoton ƙarya ne, sa hannun ƙarya ne, ga gargaɗi ɗaya da ma a fayil ɗina. Kora ce, babu wata magana. Matata Muhibba tana da cikin wata bakwai. In kuma na yi shiru, ana ta nemansa a hanyar Mpape, inda bai bi ba.

Zan faɗa. Bari dai in fara zuwa in gani da idona.

Asabar, 19 ga Yuli, 5:30 na yamma

Na je Kuje. Na ce wa Muhibba gaisuwar mara lafiya zan je. Tsohuwar riga na sa, ba hula.

Na fi awa biyu a bakin tasha ina tambayar 'yan acaba ko wani ya ɗauki mai koren falmaran Juma'ar makon jiya. Kowa ya ce bai sani ba, yana kawar da kai. Da na juya zan tafi, wani dattijo mai furfura a gemu ya biyo ni da babur ɗinsa har bayan wani shago.

Ya ce shi ya ɗauke shi. Sun wuce rafi na biyu, wasu mutane suka fito daga cikin masara. Ba su tambayi kowa komai ba. Ɗaya ya kama falmaran ɗin ta baya, ya karanta tambarin, ya ce wa sauran ga shi nan. Shi kuma suka ce ya juya, kada ya waiwayo.

Na ce su waye? Ya ce, "Malam, ni ban tsaya tambaya ba." Na ce don me bai kai rahoto ba? Ya dube ni. "In na je, ni za a fara rufewa. Kai da ka zo nemansa cikin ɓoyo, kai don me ba ka kai ba?"

Na karɓi lambarsa. Na wuce ta gaban ofishin 'yan sanda na Kuje, na rage gudu, har na kunna sigina. Motar bayana ta yi hon, na miƙe.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Gobe. Da zarar Madam Prudence ta zauna.

Litinin, 21 ga Yuli, 3:00 na rana

Tana da taro tun safe. Ba laifina ba ne.

Babu wanda ya kira Maman Marvel. Babu wanda ya kira ofis. In masu neman fansa ne ai da sun kira, ko? To in ba su ba ne, su waye? Wataƙila dattijon nan ma ƙarya ya shirga mini. Wataƙila wani mai falmaran ɗin ne daban, garin nan cike yake da su.

Mama Juliet mai shara, tsohuwar da ke goge benenmu tun kafin a ɗauke ni aiki, kullum da safe sai ta zo ta kaɗe ƙurar kwat ɗin da gefen hannunta. Yau na ji tana ce masa, "Ina kwana, Oga." Na daka mata tsawa na ce ta bar wannan shirmen. Ta dube ni kawai ta ɗauki bokitinta. Ban taɓa yi mata tsawa ba sai yau.

Laraba, 23 ga Yuli, 12:10 na rana

Kwat ɗin ruwan toka ne, mai siraran layuka. Gwiwar hannun dama ta fara sheƙi saboda guga. Maɓallin tsakiya ba irin sauran ba ne, an ɗinka shi da baƙin zare. Shekara shida ina ganinsa ban lura da ko ɗaya ba.

Har yanzu yana ƙamshin man zafin da yake shafawa a ƙirji saboda tarinsa na damina. In an kunna fanka, hannun hagu yana motsi. Na kashe fanka, ina zaune cikin zufa, Kingsley ya leƙo yana tambaya ko an ɗauke mana wuta ne.

Masu kawo fayil sun daina shigowa kai tsaye. Sai su tsaya a ƙofa, su rage murya, su ajiye a teburina su fita da baya.

Alhamis, 24 ga Yuli, a cunkoson Berger

Mai share titi. Mai ba da hannu. Ɗan kamasho. Mai karɓar tikiti. Duk koren falmaran, duk ta baya Andrew ne.

Juma'a, 25 ga Yuli, 9:40 na safe

Na kasa sa manyan kaya. Na buɗe sif na ga farar shaddar a leda, na rufe. Muhibba ta ce, "Abban Lubna, yau fa Juma'a ce, haka za ka fita kamar mai zuwa wankin mota?" Na ce zafi nake ji. Ta ce ana yayyafi. Na ce ta ƙyale ni don Allah. Ta ƙyale ni, amma na ga yadda ta bi ni da ido.

Da riga mai gajeren hannu da wando na zo. Mai gadin ƙofa, wanda shekara shida yake ƙame mini yana cewa ranka ya daɗe, yau ya sa hannu ya tare ni ya ce katin shaida. Sai da na ɗago ya gane ni, ya shiga ba da haƙuri.

Na taɓa tsokanar Andrew na ce, ranar Juma'a kowa yana cikin kayan gida, kai kana fama da kwat cikin zafin nan, sai ka ce lauya. Bai yi dariya ba rannan. Ya ce, "Malam, kai in ka sa kaftani da hula, kowa ya san ɗan gidan wani ne. Ni in na cire wannan, masinja ne. Shekara ashirin ina aikin gwamnati, har yau sai an ce in je in kira ogana."

Kuma ya cire. Saboda shaddata.

Litinin, 28 ga Yuli, 6:10 na yamma

Maman Marvel ta roƙe ni in kai ta wani asibiti, tunda ina da mota. An ce mata an kawo gawar wani da aka tsinta a gefen titi. Wannan ne na biyar da ta je.

Na tsaya a waje. Ta fi minti ashirin a ciki, ta fito tana goge hannu da gefen zane ta ce, "Ba shi ba ne. Wannan yana da gemu." Ta faɗa kamar mai ba da labarin kasuwa.

A hanya ta ce kullum da safe tana bin bakin titin Mpape da ƙafa, tana leƙa kwalbati ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsu Marvel ta daina zuwa makaranta, tana zaune a bakin ƙofa. Maman ta ce abin da ke damunta shi ne kwat ɗin. "Malam Lukman, mutumin nan ko shagon kusa ba ya zuwa ba kwat. Yaya zai tashi aiki ya bar shi? Na faɗa wa 'yan sanda, sun ce mantuwa ne."

Na ce haka ne, abin da mamaki.

Da na sauke ta a ƙasan tudu, ta leƙo ta taga ta ce, "Duk ofis kai kaɗai ne ɗan'uwa. Allah ya sauki madam lafiya." Na ce amin. Na yi gaba kaɗan na tsaya na yi amai a bakin kwata.

Talata, 29 ga Yuli, bayan La'asar

Na yi sallah ban san raka'a nawa na yi ba. Na sake. Na sake.

Laraba, 30 ga Yuli, 1:30 na rana

Sunana ya fito a jerin waɗanda za a yi wa ƙarin girma. Kingsley ya shigo yana ihu, "Oga Lukman, sai ka wanke mana!" Ya juya ya ga kwat ɗin, ya fita.

Madam Prudence ta kira ni ofishinta. Ta ce daga sama an ce tunda Andrew ya ɓace bayan tashi ne, ba a bakin aiki ba, hukuma ba ta da abin yi sai addu'a. In wata ya cika za a rubuta cewa ba ya zuwa aiki, a turo wani ya zauna a teburinsa. Idonta ya kawo ruwa, ita ma ba daɗi take ji ba. Ta ce, "Ka ga, da a ce aiki muka tura shi, da yanzu darakta da kansa yana wurin kwamishina, da an baza jami'ai. Amma mutum ya tashi ya tafi gida, me za mu ce?"

Ta ce rahotona na Kuje ya yi kyau, an yaba.

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Na gode, Madam."

Tir da ni.

Alhamis, 31 ga Yuli, 8:05 na safe

Na riga kowa zuwa. Ina buɗe ƙofa na ga kwat ɗin ya zame, kafaɗa ɗaya tana jan ƙasa. Babu fanka, taga a rufe. Na ɗaga shi zan gyara. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ga na zura hannu, na zura ɗayan. Ya yi mini yawa a kafaɗa. Na tsaya ina kallon gilashin taga.

Sai na ji bokiti ya faɗi a bayana. "Yesu!"

Mama Juliet ce, ta dafe ƙirji, ruwa yana malala a ƙasa. Da ta ga ni ne, ta daɗe tana haki, sannan ta ce, "Malam, cire. Ba naka ba ne." Na cire. Ita ta karɓa ta rataye.

Tana tsane ruwan, ba ta ɗago ba, ta ce, "Rannan Juma'a ina goge matakalar baya, wani ya wuce ni da koren riga. Ya ce mini sannu Mama. A ginin nan mutum ɗaya ne yake ce mini sannu Mama."

Na ce me ya sa ba ta faɗa wa 'yan sanda ba? Ta nuna shuɗin yunifom ɗinta. "Sun tambayi masu kwat, sun tambayi masu gyale. Ni da na matso, ɗaya ya ce in kawo musu ruwan sanyi." Ta matse tsumman a bokiti. "Kuma na ce mai rigar yana nan, shi zai faɗa. Kullum ina zuwa in ga ko ya faɗa."

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan Magariba

Na faɗa wa Muhibba komai. Tana tsinke alayyahu, ba ta daina ba har na gama. Lubna tana wasa a tsakar falo, ta ce mata ta shiga ɗaki.

Na fara lissafa mata, aiki, gidan haya, haihuwa. Ta ɗaga hannu. "Kada ka sa ni a ciki. Kada ka kuskura ka ce don ni ka yi." "Kwana ashirin da ɗaya, Lukman? Kana cin tuwona kana kwanciya, matar mutane tana leƙa kwalbati? Har ka kai ta ɗakin gawa da motarka?"

Ba ta taɓa kiran sunana gatsal ba tun da aka haifi Lubna.

Litinin, 4 ga Agusta, 5:50 na yamma

Na faɗa. Na kira Maman Marvel na ce ta zo ofis, na faɗa a gabanta da gaban Madam Prudence, na ajiye lambar ɗan acaban a kan tebur.

Madam Prudence ta cire tabarau ta ce, "Lukman, ka san abin da ka yi kuwa?" Ta ɗauki waya tana kiran sama tun kafin in amsa. Ashe abin bai fi minti goma ba. Kafin Azahar darakta ya san sunan Andrew, an rubuta wa 'yan sanda takarda mai hatimi, an ce ma'aikacinmu ne, a bakin aiki aka ɗauke shi.

Ni an ba ni takardar dakatarwa, na kuma yini ina rubuta bayani a wurin 'yan sanda. Ban ji komai ba. Na ɗauka zan ji sauƙi, shi ma ban ji ba.

Maman Marvel ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi. Ta tsaya a gaban kujerarsa ta ce, "To me ya saka a ciki?" Na ce farar shat ce, sai falmaran. Ta ce, "A ruwan nan? Da ƙirjinsa?" Daga nan ba ta ƙara kallona ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Gobe za a je Kuje da jami'ai. An ce in zo. Maman Marvel ma ta ce sai ta je, an hana ta, ta ce to a ɗaure ta.

Alhamis, 7 ga Agusta, 6:30 na yamma

Mota biyu ta jami'ai, da dattijon mai acaba a gaba yana nuna hanya. Mun wuce rafi na biyu, ya nuna wurin. Masara ce kawai, ta fi mutum tsawo. Muka ƙarasa ƙauyen da ƙafa. Na ga rijiyar, kanta a karye, ciyawa ta rufe ta.

Da farko babu wanda ya yarda ya yi magana. Sai wani tsoho da ke zaune a kan turmi ya ce a matso, shi ya tsufa da tsoro. Ya ce mutanen sun yi zango a gindin dutsen da ke bayan gonaki. Ba su san ko su waye ba, ba sa son sani. Amma daga gona ana hango mai koriyar riga, don tana ƙyalli ko da hadari. Shi suke sa wa ɗebo ruwa a rafi, safe da yamma.

Shugaban jami'an ya ce har tsawon wane lokaci? Tsohon ya ƙirga da yatsu. Kwana tara. A na goma aka wayi gari sun tashi, sun yi cikin daji, babu wanda ya san inda suka nufa.

Kwana tara. A rana ta takwas ina bakin tashar Kuje, da mota, da lambar mai acaba a aljihu.

Aka je gindin dutsen. Toka ce, ruwa ya riga ya wanke rabinta, sai wasu gwangwanaye. Jami'an suka zagaya, suka ɗauki hoto, suka ce za a ci gaba da bincike.

Da muka dawo, Maman Marvel ta durƙusa a gaban tsohon ta ce, "Baba, kuna ganinsa kwana tara, ba ku faɗa wa kowa ba?"

Ya ce, "'Yata, mu wa za mu faɗa wa? Rigar gwamnati ce a jikinsa. Muka ce gobe ko jibi za a zo da motoci, irin yadda kuka zo yau. Kullum muna duban hanya. Da muka ga ko mai tambaya babu, sai muka ce to ba ma'aikaci ba ne, wataƙila sato rigar ya yi."

Ta zauna daɓas a cikin caɓin. Na matsa zan ɗaga ta, wani jami'i ya riƙe ni.

Ta ce, "Baba, shekara ashirin yana aiki. Ko biron ofis bai taɓa kawowa gida ba." Ta faɗa sau biyu, a hankali, don tsohon ya ji da kyau. "Aron rigar aka ba shi."

Tsohon ya ce Allah ya ba ta haƙuri, ya tambaya wa ya ara masa. Duka suka juyo suna kallona.